Kwalin da Ya Kai 'Yan Zabi Zakka

Ku 'yan matan unguwarmu da kuke shigowa kuna tsaya mini a ka kuna cewa, "Yaya Rabi, wannan ma sana'a ce? Ai yanka ne da liƙi, ko ɗiyarki Ummi za ta iya," to ku samu wuri ku zauna. Wadda ta taka mini kwali da jiƙaƙƙen takalmi kuwa ta koma zaure. Labarin kwali ɗaya tak zan ba ku, wanda na yi wa Iya Hansai. In kun ji shi har ƙarshe, sai ku faɗa mini ko yanka ne da liƙi.

Iya Hansai mutuniyar Zakka ce, can ƙasar Safana. Shekarar da ɓarayin daji suka kore dabbobin garinsu, nata ma sun tafi: saniya da maraƙinta, da tumakin da take kiwo tun mijinta yana da rai. Ta taho Batsari wurin ɗiyarta, wadda katanga ce kawai tsakaninmu, da ƙunshin kaya a ka da sanda a hannu. Doguwar tsohuwa ce mai faɗa, irin wadda ba ta iya zama ba ta kiwon komai. Da damina ta faɗi, zabi suka fara zuba ƙwai, sai ta cire 'yan kunnen da aka kai ta ɗakin miji da su ta sayar, ta sayi ƙwan zabi ta zuba wa kaji biyu. Kun san zabuwa ba ta iya reno ba, kaza ake ɗora wa wahalar. Allah ya sa albarka suka ƙyanƙyashe, 'yan mitsi-mitsi masu zane a ka. In aka cire sandar nan, su ke nan abin da Iya ta mallaka a duniya.

Ana nan sai labari ya zo cewa gari ya ɗan lafa, mutanen Zakka sun fara komawa don kada ciyawa ta cinye musu gero. Iya ta ce ita ma gida za ta. Ɗiyarta ta yi roƙon duniya ta bari 'yan zabin su yi fiffike tukuna, ta ce a'a, zabo a inda ya tashi nan yake ɗauka gida, in suka girma a Batsari sun zama 'yan birni, ba za su zauna mata a ƙauye ba.

Ta shigo mini da hantsi ina yi wa Ummi wanka. Muka gaisa, ta tambayi kwanan yarinya, ta tambayi ruwa, ta tambayi maigida da babur ɗinsa. Sannan ta jawo kujera har gwiwarta tana taɓa tawa, ta rage murya.

"Ke ɗiyar nan, an ce ke ce mai kwali."

"Ni ce, Iya."

"Akwati za ki yi mini. Wani abu zan sa in kai Zakka."

"Wane abu, Iya?"

"Wani abu dai."

Daga bayan katanga kuwa ga kukan wani abun yana tashi, tsiyau-tsiyau, har Ummi na waiwaye daga cikin baho.

Na ce, "Iya, ko 'yan zabin..."

"Rufe mini baki! Ba a faɗi. Ke ba ki san baki na cin dabba ba? Shanuna ma sai da aka yi ta yabon su a bakin rijiya sannan aka kore su."

Na ce to. Amma tana fita na hau tunanin abin da na ɗauko wa kaina. Ɗan zabo kafin ya yi fiffike, babu halittar da ta kai shi neman dalilin mutuwa. Ruwa ya taɓa shi, ya tafi. Sanyi ya kama shi, ya tafi. Zafi ya yi yawa, ya tafi. In ma duk bai samu ba, sai ya tsorata ya hau kan ɗan'uwansa su tafi tare. Irin waɗannan za a ɗora a kan babur, a tsakiyar damina, a hanyar da ko buhun masara yakan isa a gajiye.

Bari in koma baya kaɗan ku ji inda na koyi aikin, don ba daga sama ya faɗo mini ba. Lokacin da muka baro ƙauyenmu na wajen Ruma ina da cikin Ummi, ba ni da abin yi sai zama da tunani. Sai na saba da Gwaggo Talatu, mutuniyar Darini, mai sayar da kaji a bakin kasuwa. Ran Lahadi in za ta coci ni take bar wa tsaron rumfa, a haka muka shaƙu. Ita ke yin akwatunan da take zuba tsaki a ciki, da mafitai, da su kabad na kwali da amare marasa ƙarfi ke jera kwanuka a kai. Na ce ta koya mini. Na zo da wuƙata a wase, ina jin yau zan fara. Ta karɓe wuƙar ta soke a jinka, ta nuna mini tulin kwalaye.

"Shinshina."

"Gwaggo?"

"Na ce ki shinshina. Ki ware mini su da hanci. In kin iya wannan, sai mu yi maganar wuƙa."

Na daɗe ina shinshinar kwali kamar akuya, mutane na wucewa suna kallona. Ashe nan rabin sana'ar take. Kwali ba ya manta abin da ya ɗauko. Na sabulu, ko ya shekara a rana, sabulu ne. Wata mai ƙuli-ƙuli ta ƙi jin maganar Gwaggo ta kwana da ƙulinta a irinsa. Ran kasuwa kowa ya gutsura sai ya tofar, har wani ya ce shi tunda yake bai taɓa cin ƙulin da ke neman yin kumfa ba. Na kifi yana kiran kyanwa. Na maganin feshin gona kuwa, shi ya fi kowane kyau da kauri, da damina a banza ake zubar da shi a bakin shaguna, amma ko kyauta aka ba ku da goro a kai kada ku karɓa. Ba ya shiga gidan da ke da yaro, ba ya kusantar abin da ke numfashi.

Bayan hanci sai ƙashi. Ku yagi gefen kwali ku duba, za ku ga wani lanƙwashe-lanƙwashe a tsakiya kamar kunyoyin gona. Shi Gwaggo ke kira ƙashi. In ƙashin yana tsaye, kwali zai ɗauki tukunya. In kika kwantar da shi, ko ludayi kika ɗora sai ya durƙusa. Maficin farko da na yi ban duba ƙashi ba, Gwaggo ta yi fifita sau biyu ya karye ya rufe mata fuska. Ta ce madalla, wannan na masu jin kunya ne.

Aikin da ya fara kawo mini mata gida shi ne kwalin koyon zama. Na Ummi na fara yi, don ta ƙi zama da wuri, ni kuma na bi na tayar da hankalin kowa, har asibiti na kai ta aka ce lafiyarta lau, ƙiba ce. Na ninka kwali biyu, na naɗe bakinsa da ƙyallen da na roƙo wurin tela don kada ya yanke ta, na cusa tsummoki ta baya da gefe. Na dasa ta a ciki kamar hakimi. Mata suka gani, kowa ta ce a yi wa nata. Daga nan sai motocin Sallah na yara masu tayar murfin kwalba, sai marufin taga, sai dunƙulen wuta da nake yi da yankakken kwali in jiƙa shi in cuɗa da garin gawayi in shanya, tunda yanzu ba mai aika ɗansa daji yin itace. Kayan aikin duk ba su cika kwando ba: wuƙa, reza, basilla da zaren buhu, ƙusa babba ta huda, da dutsen niƙa na danne aiki. Manne kuwa garin rogo ne ake damawa da ruwan zafi, a zuba ruwan ganyen bedi don ɗacinsa ya kori ɓera da gara da akuya. Ummi kaɗai ɗacin bai kora ba. Ko yanzu in na dama, a kan katanga nake ajiyewa tare da reza.

To, mu dawo kan Iya. Shekarar ita ce mafi muni da na gani a wannan sana'a. Manyan motoci sun rage shigowa, shaguna sun yi fayau, kwalin da ake zubarwa a da ya zama abin nema. Mutanen da suka gudo daga ƙauyuka da shi suke shimfiɗa, da shi suke toshe taga. Ɗan abin da ya rage kuma masu saye a kilo sun bi shago-shago sun kama. Ina son kwali mai kauri irin na firji ko na batirin sola, babu. Baban Ummi ya zaga gari da babur ya dawo mini da kwali fes, mai ƙarfi kamar katako, yana ta murmushi.

Na kai hanci. Na ce, "Mayar."

"Haba, Rabi, kin san wahalar da na sha? Dubi kaurinsa."

"Na feshi ne. Mayar, kuma ka wanke hannu kafin ka taɓa mini yarinya."

"An kankare rubutun fa, ta yaya kika sani?"

"An kankare warin?"

Ya fita yana cewa shi dai ya auri mace ne, ashe da karen farauta aka haɗa masa. Da yamma ya dawo da kwalayen taliya guda biyu, sirara, marasa ƙarfi, amma masu tsabta. Na ce waɗannan za su yi.

Na farke su na shimfiɗa. Na ɗora ɗaya a kan ɗaya, ƙashin wannan a tsaye, na wancan a kwance, don kowane ya riƙe ɗan'uwansa. Ban yi amfani da manne ba, damina ba ta barin sa ya bushe, sai dai ya yi tsami ya kira tururuwa. Basilla na sa na ɗinke da zaren buhu, ɗinki kusa-kusa. Ƙasan ciki kuwa na ɓare fatar sama na bar ƙashin a fili. Dalili, kwali yana da santsi, ƙafar ɗan zabo kuma kamar tsinken tsintsiya take. In ta zame ta buɗe, ya gurgunce ke nan har abada. A kan ƙashi yana samun abin kamawa. Sannan kusurwoyi. Ɗan zabo in ya firgita lungu yake nema, duk su tattaru a nan, na ƙasa ya rasa iska. Sai na lanƙwasa wani kwali na zagaye cikin, ya zama kamar cikin ƙwarya, ba lungun da za a mutu a ciki.

Saura iska. Na ɗauko ƙusa na fara huda gefe, layi-layi, yadda Gwaggo ta koya mini. Ina cikin yi sai ga inuwar sanda a kaina.

"Me kike yi haka?"

"Ƙofar iska, Iya."

Ta ɗaga kwalin ta kanga a idonta, ta hango ni ta cikin hudar.

"Ga ki nan ina ganin ki tar. Har haƙorin Makka da ba ki da shi na gani. Wato duk wanda muka wuce a hanya ya leƙa ya ƙirga mini su? Toshe."

"Iya, in na toshe ba za su kai bakin gari ba."

"Numfashin nasu guda nawa ne? Ni da na kwana cikin rumbu a rufe ranar da ɓarayi suka shigo, na mutu?"

"Rumbu ai yana da..."

"Toshe, na ce. Ko in kai wa wani aikin."

Babu wani, ita ma ta sani, ni ma na sani. Amma na san halinta: in na ƙi, buhun leda za ta samu ta zuba su ta ɗaure baki. Na rasa yadda zan yi. Na goya Ummi na tafi wurin Gwaggo Talatu na faɗa mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Mutanenmu ke nan. Uwata ma haka take, in akuya ta haifi biyu sai ta ɓoye ɗaya a ɗaka. Kada ki yi gardama da tsohuwa a kan ido, ba za ki ci ba. Ki ba ta abin da take so, ki ba tsakin abin da suke so."

"Ta yaya, Gwaggo?"

"Da na sani da na faɗa miki. Ni masu sayen nawa so suke a gani."

A hanyar dawowa maganar rumbun nan ta Iya ta yi ta yi mini yawo a ka. Na tsaya a bayan wani gida ina kallon rumbunsu. Ruwa ba ya shiga, ido ba ya shiga, amma hatsi ba ya ruɓewa. Sai na lura da hular jinkar da ke kansa: ta sauko ta rufe baki, amma ba ta manne ba, akwai rata a ƙarƙashi. Iska tana bi ta ƙasa ta hau. Wanda ke son ya ga ciki sai ya kwanta a ƙasa ya leƙa sama. Mai gidan ya fito ya ga mace da goyo ta sunkuya tana leƙen ƙarƙashin rumbunsa, ya ce, "Baiwar Allah, lafiya?" Na ce lafiya lau, na wuce da sauri.

Na canza gefen da na huda. Sabbin hudojin na yi su can sama kusa da baki, na karkata ƙusar ta yadda ramin zai kalli ƙasa. Na yi murfi mai faɗi da ya sauko ya lulluɓe su kamar hula, na sa 'yan guntayen kara tsakaninsa da jikin kwalin don kada ya manne. Saman murfin kaɗai na rufa wa leda, na ɗinke ta, ta zarce kaɗan don ruwa ya zuba waje. Na ɗauko Ummi na ba ta ta leƙa, don ba abin da ke ɓoye wa yarinyar nan. Ta juya shi, ta lasa, ta gaji ta bari.

Iya ta zo duba aiki. Ta zagaya shi, ta kanga a ido ta kowane gefe, ba ta ga komai ba sai hoton taliya.

"Yawwa. Ashe kina jin magana. Kin toshe ko?"

"Ido ba zai shiga ba, Iya."

Ban ƙara ko kalma a kai ba.

Ranar tafiya aka zaɓi washegarin kasuwa, lokacin da babura ke fita a ayari, don yanzu ba mai bin hanyar nan shi kaɗai. Aka samo wa Iya ɗan acaɓa, za ta riƙe kajin biyu a kwando, don in aka haɗa su da 'ya'yan a wuri ɗaya, da an faɗa rami za su tattake su. Baban Ummi zai ɗauki kwalin. Na shimfiɗa ɗan tsumma a gefe ɗaya don ɗumi, Iya ta kori kowa daga tsakar gida, ta juya mana baya, ta zuba 'yan zabinta tana bismillah. Na rufe na ɗaure da zare. Na shiga ɗaki ɗauko wa Baban Ummi ruwa, ina fitowa na tarar ya ɗora kwalin a bayan babur yana shirin tamke shi da robar taya, Iya kuma ta fito da wata ƙatuwar baƙar leda tana naɗe shi tun daga sama har ƙasa.

Na saki kofin. "Wayyo! Iya, za ki dafa su! Kai kuma za ka murƙushe su!"

"Hadari nake gani," in ji Iya.

"Kaya ai sai da roba," in ji shi.

Na warware ledar, na fizge robar, na rungume kwalin a ƙirji. A nan na san in na bar shi da mutanen nan biyu, kafin su wuce gonakin bakin gari an gama. Ni da tun da muka baro Ruma ban sake bin hanyar daji ba, ni da ko zazzaɓi Ummi ta yi sai in kwana ina taɓa goshinta, sai na ji bakina yana cewa, "Ni zan riƙe." Ɗiyar Iya ta ce in bar mata Ummi. Na ce a'a. Na ce to. Na sake cewa a'a. Baban Ummi ya ce in ayari ya tafi ya bar mu shi ba ruwansa. Na miƙa ta, na lissafa wa matar abin da take ci da abin da ba ta ci da inda reza take, har aka tayar da babur ina magana.

Kwalin yana kan cinyata, tsakanina da bayan Baban Ummi, na ɗan ɗaga shi da hannu don kada girgiza ta kai musu duka. Suna ta tsiyau-tsiyau, ni kuwa kukan nan ya fi mini kiɗan biki daɗi. Muka isa shingen 'yan sa-kai, wani dattijo a cikinsu da bindigar gargajiya a kafaɗa ya gaishe da Iya, ya nuna kwalin.

"Iya, me aka samo mana daga birni?"

"Taliya ce."

Tsiyau-tsiyau-tsiyau.

Ya karkata kai ya saurara. "Taliyar nan kuwa da ranta."

"Sabuwar fitowa ce."

Ya yi dariya har bindigar na zamewa. "Allah ya raya taliya, Iya. Ku wuce."

"Ka ce Masha Allah!"

"Masha Allah, tabarakallah."

Gaba kaɗan hadarin da Iya ta gani ya cim mana. Ba ruwa mai yawa ba ne, amma da iska. Ayari ba ya tsayawa a wannan wurin ko me ake yi, don haka muka ci gaba. Na ja hijabina na yi wa kwalin rumfa ta gefen da ruwan ke bugowa, ina kallon yadda yake gangarowa daga ledar murfi yana ɗiga a gwiwata. Ɗinkin ya riƙe. Amma sai kukan ya fara raguwa. Ya ragu, ya ragu, ya ɗauke ɗif.

Na ce, "Baban Ummi, sun yi shiru."

"To ba sai ki huta ba?"

"Tsaya in duba."

"A nan? Ke ko kin san inda muke?"

Na waiwaya, Iya tana bayanmu a jiƙe sharkaf, ta rungume kwandon kaji, idonta a kan kwalin. Na fara lissafi a raina: ko karan ya zame murfi ya manne, ko hudojin sun yi kaɗan, ko ɗumin babur ya yi musu yawa. Na kara kunne, ƙarar inji ta hana ni jin komai. Sai na lalubi ƙarƙashin hular, na samu huda ɗaya, na tura ɗan ƙaramin yatsana har ya shige. Ɗumi na ji, mai kyau, ba na zafi ba. Na bar yatsan a nan ina addu'a. Can sai na ji caf! An sare ni. Aka sake, caf-caf, har da masu taya na farkon.

Na ƙwalla ihu, "Sun cije ni! Alhamdu lillahi, sun cije ni!"

Babur ya yi tangal-tangal. Baban Ummi ya ce in na sake yi masa irin wannan ihun a kunne a tsakiyar daji, ni da zabin duka a ƙasa za mu ƙarasa. Ashe duhu da ɗumi ne suka sa su barci. Haka na bar musu yatsan har Zakka, suna sara ina godiya.

Gidan Iya ciyawa ta kai gwiwa, ƙofar ɗaki a karye. Ba ta ko kalli wannan ba. Ta sa aka shigar da babur, ta tura ƙyauren zaure ta tokare da sandarta don kada maƙwabta su ji ta dawo su shigo sannu da zuwa. Ta share wuri a bakin ɗaki, ta saki kajin, sannan ta yanke zaren da kanta ta ɗaga murfi. Ciki a bushe ƙayau. Suka yi ta tsalle suna fitowa, kowane ya nufi ƙarƙashin uwarsa. Ban ƙirga ba, don na ga tana kallon bakina.

Sai guda ɗaya ya rage a kan tsumma, kwance, wuya a lanƙwashe, ƙafa a miƙe.

Iya ta ɗauke shi a tafin hannu ta hura masa iska. Bai motsa ba. Ta ce, "Wannan ne autansu, shi ya fito ƙarshe." Muryarta ta canza. Sai ta miƙe ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar ƙwarya, ta ajiye shi a ƙasa ta kife shi da ita, ta karyo kara biyu ta miƙo mini ɗaya.

"Buga."

Kun san yadda ake yi wa tsakon da ya suma. Muka hau kaɗa ƙwarya, ƙwan-ƙwan-ƙwan, ita ta nan ni ta can. Ta ce ban iya ba, in ƙara ƙarfi. Baban Ummi ya karɓi nawa karan, ya shiga yi da gaske har da salo. Garin da ya daɗe bai ji kiɗa ba, ga ƙwarya na tashi daga gidan da aka sani a rufe. Kafin mu ankara kawuna sun jeru a kan katanga, mata da 'yan mata, wata da muciya a hannu, ana kuma bugun ƙyauren zaure.

"Lale, Iya Hansai ce ta dawo!"

"Iya, biki ake ba gayya?"

"Kai, ku dubi 'yan zabi! Na waye wannan garke haka?"

Iya ta ɗaga kai ta ga idanun da ta sha wahalar ɓoye wa tun daga Batsari, duk sun hallara, ba wanda ya yi saura. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ƙwaryar ta motsa. Ta ɗaga ta a hankali. Autan yana tsaye, yana layi kamar wanda aka tasa daga barci. Ya girgiza kai, ya yi tsiyau guda ɗaya, ya ruga ya shige ƙarƙashin kazar da ba tasa ba. Katanga ta ɗauki guɗa.

Iya ta zauna daɓas a ƙasa, ta goge ido da bakin zane. Ta dubi matan nan, ta dube ni.

"Ɗiyar nan, je ki cire sandar ki buɗe musu. Amma ki tsaya a zaure. Duk wadda ba ta ce Masha Allah da ƙarfi har na jiyo daga nan ba, kada ki bari ta wuce."